Gyaran ƙananan ɓarna a daɓen katako: a cike, a goge, ko a ƙyale?

Hajiya Uwargida: Assalamu alaikum. Masu sana'a, a taimaka da bayani. Daɓen katako ne irin na tsofaffin gidajen ma'aikata, ƙananan guntaye da aka jera kamar saƙar tabarma. Abu huɗu ke damun sa: karce daga ƙafafun kujeru, wani wuri da ya lotsa inda tukunyar gas ta faɗo, baƙin tabo a inda ake ajiye tukunyar fulawa, sai kuma rata da ta buɗe tsakanin katakan tun shigowar hunturu. An ce sai an kawo inji an goge falon gaba ɗaya. Dole ne sai an yi haka?

Baba Kafinta: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ba dole ba ne. Inji duk zuwansa sai ya cinye wajen milimita ɗaya na katakon, kuma daɓe ba ya jure gugar inji sai 'yan lokuta ƙalilan a duk rayuwarsa. Kada a ɓarar da guda saboda karcen kujera.

Kafin a sayi komai, a fara gano zurfin karcen. Ki jiƙa yatsa ki shafa a kai. Idan ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, to a jikin banish ya tsaya, bai taɓa katako ba. Idan kuma wurin ya ƙara duhu ya sha ruwan, ya riga ya kai ga katako. Farce ma yana faɗa: in ya wuce sumul ba zurfi, in ya maƙale akwai aiki.

Mai Fenti: Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya riga wannan: me aka shafa wa daɓen tun farko? Nan mutane suka fi yin asara. A sami lungu, bayan ƙofa ko ƙarƙashin kabad, a ɗiga ruwa a bar shi minti 10. In ya tsaya dunƙule kamar a kan leda, akwai banish mai rufe sama, galibi foliyuretan. In ya shige ya bar duhu, mai aka shafa, ko kuma banish ɗin ya riga ya cinye. Daga nan a goga tsumma fari da ɗan farin sifirit irin wanda muke tsinka fentin mai da shi. In tsumman ya fito da launin rawaya-rawaya mai santsi, akwai kaki ko folish a sama. Tsofaffin daɓen nan kusan duk haka suke, shekara da shekaru ana lafta musu folish.

Dalilin gwajin shi ne banish ba ya kama jikin kaki. Za ka shafa ya yi kyau yau, bayan sati biyu ya fara ɓarewa kamar fatar maciji.

Malam Mai Katako: Ni ma in sa baki. A tabbatar katakon gaske ne. Akwai iri uku a kasuwa da ido ke ruɗewa a kansu. Akwai katako zalla, mai kauri tun daga sama har ƙasa. Akwai wanda aka liƙa siririn katako mai kyau a kan falawud, saman nan wani bai fi milimita 2 zuwa 4 ba. Akwai kuma laminet, wanda hoton katako ne kawai aka rufe da roba. Laminet in ka sa masa sanfefa ka gama da shi, hoton za ka kankare. A duba bakin ƙofa inda gefen katakon ya bayyana, za a ga ko hawa-hawa ne.

Irin wanda Hajiya ta kwatanta katako zalla ne, kuma a ƙasar nan yawanci loko ne, wato iroko, ko tik, wani lokaci madaci ko kawo.

Ɗan Koyo: Oga, don karce ai akwai hanya mai sauƙi. A shafa man gyaɗa ko man zaitun, nan take ya ɓace.

Mai Fenti: Ya ɓace na kwana uku, yaro. Man girki ba ya bushewa. Zai tsaya cikin karcen yana kama ƙura har ya zama baƙin layi, kuma ranar da aka zo shafa banish wurin ba zai karɓa ba. Haka ma feshin goge kujeru mai silikon, shi ya fi muni. Banish in ya haɗu da silikon sai ya riƙa tsagewa yana yin ƙananan ramuka kamar idon kifi.

Karce marar zurfi a kan banish ga yadda ake yi. A wanke wurin da tsumma mai ɗan danshi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a bari ya bushe. A kewaye katakon da abin ya shafa da salatif ɗin takarda, a bi layin haɗinsa da maƙwabtansa daidai. A goga sanfefa mai lamba 220 a hankali, ana bin tsawon jijiyar katako, har ƙyallin ya dusashe a duk faɗin guntun. A share ƙurar tas, sannan a shafa banish siriri da ƙaramin buroshi. Kada a yi faci a tsakiyar katako. Ido yana ganin da'irar faci daga bakin ƙofa, amma in gyaran ya ƙare a layin haɗi ba mai lura. A cire salatif tun banish bai gama ƙamewa ba.

In kuma daɓen mai kaki ne, ya fi sauƙi: soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗan folish, a murza a bi jijiya, a goge da ƙyalle.

Hajiya Uwargida: Soson ƙarfen wanke tukunya zai yi?

Mai Fenti: A'a Hajiya, wannan ƙara karce zai yi. Kuma ko mai laushin, kada a yi amfani da shi in banish mai haɗin ruwa za a shafa daga baya. Burbushin ƙarfen da ya saura zai yi tsatsa a ƙarƙashi, a ga ɗigo-ɗigo ja.

Baba Kafinta: Sai maganar lotsawa. A duba da kyau, da tocila a kwance a ƙasa: jijiyoyin katakon sun karye ne ko dannewa kawai suka yi? In dannewa ce, tururi yana tayar da su. A ɗiga ruwa cikin ramin, a bar shi minti biyar. A ninka ƙyallen auduga mai danshi gida biyu a ɗora, a danna hancin dutsen guga a kai daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗaga a duba. A maimaita sau huɗu ko biyar, ana sake jiƙa ƙyallen. Ruwan ne ke shiga ƙwayoyin katakon da suka matse, zafi ya mai da shi tururi ya buɗe su. In banish ya hana ruwa shiga, a soka allura wuri uku ko huɗu a cikin ramin. Bayan nan a bar shi kwana guda cur ya bushe kafin a taɓa shi da sanfefa.

Injiniya: Baba, a ƙara gargaɗi a nan. Tururi yana sa wasu irin banish su yi fari kamar hazo, kaki kuma narkewa yake yi. Duk wanda zai tayar da lotsawa da dutsen guga ya sa a ransa cewa zai sake shafa wa wannan guntun banish. Kuma loko da kawo ba sa tashi da sauƙi kamar katako mai laushi. In ramin ya kai milimita 3, rabi za a samu, sauran sai ciko.

Ɗan Koyo: Ciko ai garin katako da farin gam na Top Bond, an gama.

Baba Kafinta: Wannan shi kowa ya sani, kuma yana aiki a ƙaramin rami, kamar ramin ƙusa. Amma da sharaɗi. Garin ya zama na katakon daɓen kansa, mai laushi kamar garin tuwo, wanda sanfefa ta fitar, ba ɓarzajjen da zarto ke zubarwa ba. A kwaɓa shi da kauri, gari ya fi gam yawa. A cusa, a bar shi ya ɗan yi tudu domin yana shanyewa in ya bushe.

Mai Fenti: Ni ban yarda da shi a fili ba, Baba, ka yi haƙuri. Farin gam in ya bushe roba ne, ba ya shan launi. Ka shafa launi a kewaye ya kama, shi ya tsaya daban. Kuma haɗin yakan fito ya fi katakon duhu, domin kowace ƙwayar gari tana shan gam ta ko'ina. A tsakiyar falo zai zama kamar tabon ƙuna. Ga ramin da bai kai faɗin ƙwayar wake ba, sandar kaki mai tauri ta fi: a narka launi biyu, mai haske a ƙasa, a ja siraran layuka da mai duhu a sama don ya yi kama da jijiya, a kankare abin da ya yi tudu da gefen tsohon katin roba. Ba a ma buƙatar sanfefa.

Baba Kafinta: Kaki a hanyar da ake takawa kullum? Wata shida ya lotsa ya kwashi datti.

Mai Fenti: Mai laushi kake nufi, irin wanda ake gogawa kamar alli. Mai taurin da sai an narka shi da zafi yana jurewa.

Injiniya: Kowannenku da inda maganarsa ta yi daidai. Ƙarƙashin tebur ko gefen bango, kaki ya isa. A bakin ƙofa ko inda ƙafar kujera ke zama, ni na fi son afoksi, wato gam mai haɗi biyu, a zuba masa ɗan garin katako don launi. Ba ya shanyewa, kuma ana iya goge shi a shafa banish a kai. A guji mai saurin ƙamewa cikin minti huɗu ko biyar in ramin babba ne, ba zai ba ka lokacin daidaita launi ba. Abu ɗaya kuma: loko da tik suna da maiƙo a jikinsu. A goge cikin ramin da tina ko asiton, a jira ya bushe minti kaɗan, sannan a zuba. In ba haka ba cikon zai fita ɗungurungum wata rana kamar haƙorin da ya girgiɗe.

Wajen zaɓen launi a jiƙa katakon da ke kewaye da farin sifirit a kwatanta da shi yana jiƙe, domin haka zai kasance bayan banish.

Malam Mai Katako: Kuma a sani, loko in aka goge shi sabon jikinsa rawaya ne, sai haske ya yi ta dafa shi ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Guntun da aka gyara zai fi sauran haske na wasu watanni. Kada a yi gaggawar lafta masa launi mai duhu don ya saje yau, domin shi ma zai yi duhun kansa a ƙarƙashi, baɗi ya fi kowa baƙi. A sa launi kaɗan, a tsaya yana ɗan fin sauran haske. Mai goge loko kuma ya rufe hanci da baki, ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayin fata, wasu har numfashi take taɓa musu.

Hajiya Uwargida: To baƙin tabon fa? An sa bilic bai ko motsa ba.

Mai Fenti: Ba zai motsa ba, don ba datti ba ne. Tabon ruwa iri biyu ne. Fari yana cikin banish, danshi ne ya maƙale, kuma sau da yawa busasshen ƙyalle da dutsen guga marar zafi sosai, ko na'urar busar da gashi, suna fitar da shi. Baƙi kuwa ruwan ya ratsa ya kai ga katako, ya haɗu da ƙarfe, ko daga ƙusa ko gindin tukunya ko ruwan kansa, ya yi aiki da sinadarin tanin da ke cikin itacen. Kusan irin haɗin da tsohuwar tawada ke yin baƙi da shi ne. Maganinsa ogzalik asid, farin gari ne kamar gishiri, ana samu wurin masu sayar da sinadarai.

Sai an kankare banish daga guntun gaba ɗaya tukuna, sanfefa 100 sannan 150. A narka kamar giram 60, wato cokalin cin abinci huɗu, a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, cikin mazubin roba ko gilashi, ban da na ƙarfe. A shafa wa dukan guntun, ba tabon kaɗai ba, don kada a sami farar da'ira. A bari ya bushe da kansa. In da saura a sake, har sau uku. Daga nan a goge da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, a bi da ruwan da aka narka cokali ɗaya na bekin soda a lita guda, a sake gogewa, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Ruwa zai tayar da gashin katako, sai a kwantar da shi da sanfefa 180. Safar hannu da tabarau dole ne, guba ne, a kawar da shi daga inda yara suke. In ba a wanke shi sosai ba, ƙurar da za ta tashi wajen gugar ƙarshe tana shaƙe mutum.

In an yi sau uku tabon na nan, ko kuma katakon ya yi laushi har sukudireba na shiga, ruɓewa ce, sai canji.

Ɗan Koyo: Oga, ƙunar garwashin kaskon turaren wuta fa? Ita ma asid ɗin?

Baba Kafinta: Gawayi ba ya wankuwa. A riƙe reza a tsaye a kankare baƙin har a iske lafiyayyen katako, sannan a bi da shi kamar kowane rami.

Injiniya: Bari in dawo kan ratar, don ita ce na fi tsoron a taɓa yanzu. Hajiya, kada a cike ta a hunturu. Katako yana shan danshin iska yana kuma sakewa har abada, ko ya shekara 50 a ɗaki. In danshin iska ya sauka kusa da kashi 20 cikin ɗari, kamar yadda ake gani a Kano ko Sakkwato a Janairu da Fabrairu, ruwan jikin katako yakan koma kashi 4 zuwa 5. A Agusta, iska ta kai kashi 80, shi kuma ya hau zuwa wajen kashi 16. A faɗi yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Katako mai faɗin santimita 10 zai iya tsukewa da milimita ɗaya zuwa biyu tsakanin damina da rani. In aka cusa abu mai tauri a ratar yau, damina na zuwa katakan za su kumbura ba su da wurin zuwa. Ko su murƙushe cikon su tofar da shi, ko gefunansu su danne juna su lalace, ko daɓen ya yi tozo a tsakiyar ɗaki.

A sa alama da alli ko a ɗauki hoto yanzu, a sake dubawa a ƙarshen Satumba. Wadda ta rufe da kanta ba ɓarna ba ce. Wadda ta saura a buɗe ita ce ta gyara.

Baba Kafinta: Haka ne. Kuma wadda ta saura, in ta wuce milimita 3, siririn katako ake fere mata mai ɗan tsini a ƙasa. A shafa gam a gefe ɗaya kawai, a buga shi a hankali da guduma ta kan wani guntun katako, in ya bushe a sassabe abin da ya fito da kurfi, a goge. In aka shafa gam gefe biyu an ɗaure katakan biyu wuri guda, rani na zuwa sai tsagar ta koma wani wuri, ta fi ta da girma.

A kuma ɓalle sikatin, wato abin da ake mannawa a gindin bango ya rufe bakin daɓe, a wuri ɗaya a leƙa. Ya kamata a sami sarari na milimita 10 zuwa 15 tsakanin daɓe da bango. Magina da yawa suna ganin wannan sararin su ɗauka kuskure ne, su toshe shi da siminti.

Hajiya Uwargida: Allah ya saka da alheri. Akwai kuma guntaye biyar ko shida kusa da ƙofar banɗaki da suke motsi, in an taka suna ƙwas-ƙwas, gefunansu sun ɗan ɗaga sama.

Injiniya: Wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Gefe ya ɗaga tsakiya ta lotsa kamar kwale-kwale, alama ce ƙasan katakon ya fi samansa jiƙa. Ruwa na zuwa daga ƙasa, ko bututu na yoyo ko simintin na tsotso danshi. A ɗaga guntayen, a manna leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe a kan simintin, a rufe bakinta da salatif ko'ina, a bar ta kwana guda. In aka ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, a nemi mai famfo kafin kafinta. Kada kuma a goge gefunan da suka ɗaga yanzu. In katakon ya bushe ya miƙe, gefunan da aka cinye za su koma ƙasa, tsakiya ta yi ƙusumbi. Bushewar na iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni.

Malam Mai Katako: In an ɗaga a ƙwanƙwasa na kewaye da ƙotar sukudireba. Wanda ya yi amo kamar ganga a juya shi a duba, gara tana cin ciki ta bar fata, kuma inda danshi yake nan take bi. In an ga hanyarta ta ƙasa, gyaran guntu shida ba zai tsayar da ita ba, sai an kira masu magani. Ƙananan huda kamar na allura da gari mai laushi a bakinsu kuwa wani ƙwaro ne daban, farin gefen itace yake ci, ba kasafai yake taɓa jan cikin ba.

Baba Kafinta: Wajen mayar da guntayen da aka ɗaga, za a tarar da baƙin abu a ƙasansu. Kwalta ce, da ita ake kafa irin wannan daɓen a da. Farin gam ba ya kama ta, ruwan da ke cikinsa ma ƙara kumbura katakon zai yi. A rubuta lamba a bayan kowane guntu da kibiya kafin a ɗaga, don kowa ya koma gurbinsa. A kankare kwaltar da kurfi ko wuƙar fenti daga bayan katakon da kan simintin, musamman gefuna, inda yashi ke taruwa ya hana guntun zama. A sa gam ɗin daɓe mai ɗan taushi bayan ya bushe, a karanta jikin robar a ga ko an ce yana zama a kan ragowar kwalta. A ɗora leda, a ɗora faffaɗan katako, a danne da bulo biyu awa 24. Gam ɗin da ya tsattsafo a share shi tun yana ɗanye.

Injiniya: Kankarewa da hannu, ban da injin guga a kan baƙin nan. Wasu tsofaffin gam masu baƙi suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. A ɗan jiƙa shi a riƙa ɗebewa a leda.

Ɗan Koyo: Oga Mai Fenti, banish ɗin hannu nawa, kuma yaushe za a taka?

Mai Fenti: A kan tsiraran katako hannu uku sirara, sun fi biyu masu kauri. Mai haɗin ruwa awa 2 zuwa 4 tsakanin hannu da hannu, mai haɗin mai a bar shi ya kwana. A ɗan bi da 220 tsakani, a share. In tsohon daɓen ya yi launin zuma, mai haɗin mai ne zai saje da shi, na ruwa garau yake fita. A duba ƙyallin ma: mai sheƙi sosai a tsakiyar daɓen da ya dusashe zai fito fili, gara matsakaici. A juya gwangwanin da sanda har ƙasa, kada a girgiza, domin abin da ke rage ƙyallin a ƙasa yake kwanciya, girgizawa kuma kumfa take kawowa.

Kafin a shafa wa falo, a gwada a lungu: a shafa, a bar shi kwana biyu, a tsaga layuka da reza kamar gidan dara, a manna salatif a fizge. In banish ya biyo salatif, akwai sauran kaki, a sake wankewa da farin sifirit. A rufe tagogi a kashe fanka awa biyun farko, ƙurar hunturu tana zama a ɗanyen banish kamar an barbaɗa yashi, bayan nan a buɗe iska ta shiga. Ana iya takawa da safa bayan kwana ɗaya, kujeru bayan kwana uku, amma kafet sai an yi sati biyu ga na ruwa, wata guda ga na mai. Tsumman da ya sha mai ko banish kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje, ko a nutsa shi a bokitin ruwa.

Hajiya Uwargida: To ratar za a bar ta sai bayan damina. Gobe in Allah ya kai mu za a manna ledar a bakin banɗakin. Ƙafafun kujerun me za a sa musu?

Baba Kafinta: Ƙyalle mai kauri irin na bargo, a yanka daidai ƙafar a manna da gam. A riƙa duba shi duk bayan wata biyu ko uku, domin in yashi ya cika shi, shi kansa sanfefa ya zama.